Farar Rokar Yayana

Ni na riƙe wa rokar farko fukafukai. Da wannan na fara, domin a duk shekarun da yayana ya yi yana ba da labarinta, bai taɓa saka hannuna a ciki ba.

Muna unguwar Utaibiyya ta Makka a lokacin, a wani lungu da mota ba ta shiga. Babanmu direba ne a Jidda, yana tuƙa wani Bature injiniya, sai ƙarshen mako yake dawowa Makka. Da Baturen ya gama aikinsa zai koma ƙasarsu, sai ya tara tarkacen ɗansa a kwali ya ba Baba. Akwai takalma da suka yi wa kowa yawa, da ƙwallo da ta sace, da wata doguwar leda mai hoton roka a jiki, ba a taɓa buɗe ta ba. Abin da ke ciki bututun kwali ne, da ɗan faffaɗan katako mai laushi wanda farce ke shiga, da hular roba mai tsini, da lemar leda a naɗe. A gefe kuma ga wasu ƙananan injina kamar batirin tocila, cike da albarushi, da 'yar sandar ƙarfen da ake ɗora ta a kai.

Yaya aka ba. Shi ke zuwa makaranta, ni kuwa ina bin Inna bakin titi da farantin ƙosai da gyaɗa. Sai dai haɗa roka ba aikin mutum ɗaya ba ne. In ka shafa wa fiffike gam ka manna shi a jikin bututu, dole wani ya riƙe shi a miƙe har ya kama. In ya karkata ko da kaurin gashi ne, a karkace za ta tashi. Yaya bai da wannan haƙurin. Sai ya leƙo daga saman bene ya ƙwala mini kira.

"Auta, zo ki riƙe. Kada ki yi numfashi."

"To in mutu?"

"Ki mutu bayan ya bushe."

Na riƙe. Rana na dukan ƙeyata, yatsuna sun sage, ƙuda na yawo a leɓena ban kore shi ba. Na riƙe na farko, na riƙe na biyu, na riƙe na uku. Yana zaune a inuwar tankin ruwa yana duba hotunan takardar, yana ce mini ranar da za a harba ni zan tsaya kusa da shi.

Ranar ta zo, wata Juma'a. Baba ya aro ƙaramar motar ɗaukar kaya za su fita barri, wato bayan gari, can wajen iyakar harami. Na sa kayan sallata na sauko. Baba ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Ke kuma ina za ki?"

"Ganin roka."

"Barri ba wurin mace ba ne. Je ki taya uwarki tsince wake."

Na dubi Yaya. Yana rungume da rokar a bayan mota tsakanin abokansa, ya sami wani abu a jikinta yana ta gogewa da babban yatsa. Bai ɗago ba har suka tafi.

Da suka dawo babu roka, ta ɓace. Labari ya kawo a madadinta. Yadda ta yi ƙara ta miƙe sak, yadda ta kai can sama ta tsaya kamar tana tunani, ta sunkuyar da kai, hular ta fice, lema ja da fari ta buɗe tana lilo, iska ta ɗauke ta a hankali ta bayan duwatsu. Ya ba ni a ranar. Ya ba yaran lungu. Ya ba da shi a ranar ɗaurin aurensa, ya ba da shi a zaman makokin Baba, ya ba 'ya'yansa, ya ba nawa. Na haddace shi kamar Fatiha.

Ba zan ba da tarihin rayuwata a nan ba. Na yi aure, na haihu, mijina ya rasu. Na yi shekaru ina aikin hajji, ina wanke tukwanen da mutum zai iya kwanciya a cikinsu a tantunan Arfa. Nakan miƙe bayana in ɗaga kai, in ga sama babu komai, sai in saka mata lemar nan ja da fari da kaina, in bi ta da ido har ta sauka. Na wuce arba'in kafin na shiga makarantar manya ta la'asar na koyi karatun Larabci. Boko kuwa matar wani ɗalibi Bakano, maƙwabciyarmu, ita ta koya mini, ina biyanta da dambun nama. Shi ya sa wannan labarin nake rubuta shi da hannuna. Na gaji da jin abin da na yi a bakin wani.

Yanzu duk muna unguwar Ka'akiyya, gidana da na Yaya titi ɗaya ne tsakani. Ya bar aiki, ciwon suga ya cinye masa ido, inuwar mutum kawai yake gani. Babban ɗansa, wanda Hausarsa ba ta wuce "Gwaggo" da "ina kwana" ba, shi ya gano a waya cewa kamfanin ya sake fito da irin rokar nan, sak ta da, har hoton jikin ledar ba a canza ba. Ashe akwai manya masu gemu da furfura da suke jiran irin wannan, su sayi abin da suka yi wasa da shi suna yara, ko wanda suka so ba su samu ba. Har akwai wata jama'a ta mutanen Jidda da Makka da ke haɗuwa a barri suna harbawa. Su suka san yadda suke samun izini da injinan.

Yaya ya sa ɗan nasa ya sayo masa ɗaya. Ranar da kwalin ya iso aka aiko a kira ni. Na tarar da Yaya a majalisa, ɗakinsa na baƙi, ya zazzage kayan a cinyarsa, yana shafa su ɗaya bayan ɗaya, yana kai katakon hanci yana shinshinawa.

"Ita ce, Auta. Wallahi ita ce. Har warin."

"Barka. Sai ka haɗa."

"Da wane idon?"

"Ɗanka fa?"

"Wannan? Yatsunsa na latsa waya ne. Jiya ya ɗauki fiffike ɗaya ya kusa karya shi." Ya yi wata 'yar dariya. "Ke kin iya riƙewa."

Karo na farko ke nan da ya ambata. Ashe bai manta ba. Da ya manta ne da zafin bai kai haka ba.

Na ce zan haɗa ta daga farko har ƙarshe, amma da sharaɗi. Ranar harbawa zan je, zan tsaya inda maza suka tsaya, in gani da idona. Ya ce to. Na ce "to" ɗinsa na san ta tun ina yarinya, ya rantse. Ya rantse da Ubangijin ɗakin da muke fuskanta.

Na kwashe kayan na kai ɗakina. Takardar Turanci ce, amma hotuna ne suka fi yawa, inda na rasa kuma ɗan Yaya ya ɗora mata waya ta juya mini zuwa Larabci. Na koyi abubuwan da Yaya bai taɓa sani ba yana yaro. Katakon nan yana da jijiya, in ka yanka fiffike ba ka bi ta ba, iska za ta tsinke shi. Sai ka haɗa fukafukan wuri ɗaya ka goge su da sanfara, takardar nan mai yashi, har su zama girma ɗaya, sannan ka zagaye bakin gaba, ka bar gindin a miƙe. Layin da za ka manna su a kai kuwa, jingina bututun ake yi a kusurwar ƙyauren ƙofa a ja fensir, sai ya fito sak. Gam sau biyu ake sawa. Ka shafa kaɗan, ka manna, ka cire, ka bar shi ya sha iska, sannan ka sake shafawa ka manna, nan take sai ya kama. Da Yaya ya san haka a da, da ban gasu a saman bene ba.

Zafin Makka kuma bai bar gam ya jira kowa ba. Sai na kunna mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, na rufe ƙofa kafin in tura gidan injin cikin bututu, don kada ya maƙale a rabin hanya. Na bi gindin kowane fiffike da ɗan yatsana ina lailaye gam kamar mai gyara bakin tukunya. Na cike tsagin da ya nannaɗe jikin bututun, na goge, na sake cikewa, na sake gogewa, har in ka shafa ba za ka ce kwali ba ne. Na ɗaura robar da ke riƙe hula, na barbaɗa wa lemar hodar jarirai don kada zafi ya manne ta.

Na ji daɗin aikin, ba zan ɓoye ba. Duk abin da hannuna ya taɓa yi a duniya, ko dai a cinye shi ko a sake ɓata shi kafin magariba. Wannan kuwa da safe in na tashi yana nan yadda na bar shi, yana jirana.

A kan fenti muka yi rigima. Ni ja nake so, ba don wata dabara ba, ja kawai nake so. Sai ɗan Yaya ya kunna mana saƙon muryar shugaban jama'ar. Wai al'adarsu ce, irin waɗannan da aka sake fitowa da su ba a canza musu komai. Launin da ke jikin hoton shi za a bi, har 'yan takardun da ake liƙawa, kowace a inda aka nuna. Wanda ya canza, sukan ce ya ɓata tarihi. A hoton kuwa fara ce fat, sai ɗan baƙin layi a wuya.

"Fara," in ji Yaya. "Kamar ta da."

"Kai da ba ka gani, ina ruwanka da launi?"

Matarsa ta ce subhanallah. Shi bai yi fushi ba, ya ɗora yatsa a goshi ya ce a nan yake ganinta. Na ce to Allah ya ƙara wa goshin haske. Na hau saman bene na fesa mata fari, siriri siriri, in ya bushe in ƙara. Ta fito kamar haƙorin jariri. Ni kaina da na tsaya na dube ta sai da na ce masha Allah.

Ana gobe za a tafi, ɗan Yaya ya zo yana sosa ƙeya a bakin ƙofata.

"Gwaggo, al-jama'a kulluhum rijal." Wai duk maza ne. Wai zai ɗauko mini a waya, ya fi ma kyau, zan iya maimaitawa sau nawa nake so.

Na ce ya je ya gaya wa ubansa roka tana cikin kabad ɗina, makullin yana ɗaure a bakin zanena. In ban je ba, ba ta zuwa. Ba a jima ba sai ga waya.

"Auta, kada ki kunyata ni gaban mutane."

"Ka rantse, Yaya."

"Ai ban ce ba za ki je ba. Cewa na yi ki duba..."

"Na duba. Shekara nawa ina dubawa."

Bayan asuba muka kama hanyar kudu, rokar a cinyata, ban ba kowa ya riƙe ba. Muka wuce iyakar harami, muka saki kwalta muka shiga wani fili mai tsakuwa, duwatsu baƙaƙe a nesa. Motoci sun taru, maza da farar riga suna kafa rumfa. Amma mai injinan daga Jidda yake zuwa, kuma bai iso ba sai da rana ta ɗaga sosai. Kafin nan sama ta riga ta zama irin wadda muka sani a ƙasar nan in zafi ya kama, ba shuɗi a cikinta ko kaɗan, fara kamar madarar da aka tsinka da ruwa.

Shugaban mutumin kirki ne, ba zan zalunce shi ba. Ya karɓi rokar ya jujjuya ta, ya kara ta a ido yana duba layin fukafukan, ya tambayi wa ya haɗa. Kafin Yaya ya buɗe baki na ce ni ce. Ya ce tabarakallah, ya hala, wato maraba. Sannan ya sa aka kawo mini kujera can wajen motoci, a inuwa. Na ce na gode, ƙafafuna lafiyarsu lau. Na tafi na tsaya a bakin igiyar da suka ja, kafaɗata da ta Yaya. Wasu suka dubi juna. Na bar su suka gama dubawa.

Yaya bai ɓata lokaci ba, ya riga ya ba su labarin rokar farko da Larabcinsa mai daɗi, suna ta girgiza kai. Shugaban ya ce to don girmama dattijo, tasa za a fara harbawa, kuma za a sa mata injin da ya fi ƙarfi cikin waɗanda za su shige ta. Aka tafa. Aka cusa takardar da ke tare wuta, aka naɗe lemata aka tura, aka zura rokar a sandar ƙarfe, aka maƙala wayoyi. Suka ɗora babban yatsan Yaya a kan maɓalli.

Na cire tabarau na goge shi da bakin mayafi, na mayar. Na kafa ƙafa. Na ce wa idona yau in ka ƙifta ba ni ba kai. Suka fara ƙirga da baya da ƙarfi, gaba ɗayansu, kamar yara.

Ƙara na ji, irin ta ruwa a cikin mai mai zafi. Sandar ta koma wofi. Na ga hayaƙi ya miƙe sama, na bi shi da ido, na bi shi, sai ya ƙare. Daga inda ya ƙare babu komai. Fari ne ta ko'ina, yana ƙona ido. Na ƙi ƙiftawa har hawaye suka zubo. Mazan suka kare goshi da hannu, wannan na nuna gabas, wancan na nuna yamma, wani ya ce ga ta can, ashe tsuntsu ne.

Yaya ya damƙe mini hannu.

"Faɗa mini, Auta. Ta juya? Lemar ta buɗe?"

"Ban gani ba."

"Duba sosai."

"Na duba. Babu komai."

Shugaban ya matso yana murmushi, ya ce haka take yi, ƙaramar roka fara a irin wannan sama ba kasafai ake ganinta ba, ko da ƙaramin inji ne, balle wannan. Amma ta tashi sak, in ji shi, ko kaɗan ba ta karkata ba, aikin hannu ya yi kyau. Ɗan Yaya ya miƙo mini waya in kalla. Hayaƙi ne, sai fari, sai muryarsa yana cewa fen, fen, wato tana ina.

Maganar shugaban ce ta tsaya mini. Ko da ƙaramin inji ne. Na ja Yaya muka koma mota, na zaunar da shi a kujerar baya, na bar ƙofa a buɗe, na tsaya a kansa. A bayana sun fara harba nasu, ja da kore da ruwan lemo, ina jin ihunsu. Ban juya ba. Ba tasu na zo gani ba.

"Yaya, waccan ma fara ce."

"Fara ce."

"Kuma bayan sallar Juma'a kuka fita, da rana tsaka."

Ya laluba aljihu ya ciro carbi.

"Me ka gani a ranar?"

Ya daɗe yana murza carbinsa. Na ce ina jira, ba inda za ni.

"Hayaƙi," ya ce. "Da ƙara. Muka tsaya muna ta dube-dube, Baba ya ce rana ta yi, mu shiga mota."

"Lemar ja da fari fa? Da lilon? Da bayan duwatsu?"

"A jikin ledar na gan ta. A hoton." Ya goge fuska da gefen gutra, ƙyallen da ke kansa. "Yaro ne ni, Auta. Na dawo hannu wofi, na tarar da ke a bakin ƙofa, ko kaya ba ki canza ba. Me zan ce miki?"

"Ka ce ba ka gani ba. Da na huta."

"Daga baya ni ma sai na riƙa ganinta. Wallahi har yanzu ina ganinta."

"To ni yanzu ba na gani."

Gaskiya na faɗa masa. Na rufe ido a wurin na nemi lemar nan da na yi shekaru ina ɗauke da ita, ban same ta ba. An hana ni zuwa, na yi rayuwata ina jin an cuce ni abu mai kyau, kuma ko wannan ɗin ashe ba a bar mini ba.

Samari biyu suka zagaya da mota ta inda iska ta nufa, suka dawo ba su sami komai ba. Aka kawo mana shinkafa da nama a faranti. Yaya ya ci. Ni na sha ruwa.

A hanyar dawowa, da ɗansa ya tsaya shan mai ya fita, Yaya ya juyo da fuskarsa wajen da yake jin numfashina.

"Kada ki gaya wa yara."

"Ni ban iya ƙarya ba. Duk wanda ya tambaye ni abin da na gani, zan faɗa masa. Har da abin da kai ka gani."

"Auta."

"Na gama magana."

Muka iso Ka'akiyya bayan azahar. 'Ya'yana mata suka tare ni a ƙofar gidan Yaya, suka tambaya ko na ci abinci, ko zafi bai taɓa ni ba, ko ƙafar ba ta kumbura ba. Maƙwabta suka shigo yi wa Yaya barka, suka zagaye shi a majalisa. Na zauna a inda kowa zai gan ni, na naɗe hannu, ina jira.

Har yau ba wanda ya tambaye ni.